TUKUNYAR DA KE LURA DA KANTA

Tun ran da ɗan Adam ya san wuta, hidimar abinci ba ta wuce abu biyu ba: a dafa shi don ya ciwu, a sanyaya shi don ya ajiyu. Na fari aikin murhu ne, na biyu kuwa aikin randa da inuwa. Dukansu suna bukatar mutum a tsaye a kansu, gama wuta ba ta san tuwo ya nuna ba, randa kuma ba ta san madara ta soma tsami ba. Shi ya sa mace kan kashe rabin yininta a bakin murhu, tana iza wuta, tana janye itace, tana buɗe tukunya tana dubawa.

To, a zamanin nan maƙeran Amurka da Ingila da Japan da Koriya ta Kudu sun fito da waɗansu kayan girki masu auna zafin kansu, su kunna kansu, su kashe kansu, har akwai mai sanyaya abinci da safe ya dafa shi da azahar ba tare da kowa ya taɓa shi ba. Masu sayarwa suna yi musu kirari da kaya masu wayo. Ya kamata malaman makaranta da ma'aikatan ofis su san yadda su ke aiki, domin su a kan fara tambaya in baƙon abu ya shigo gari, su ne kuma masu talla kan fara nufa ran da aka biya albashi.

ABIN DA YA SA AKA DAMU

Kada mai karatu ya zaci maganar ta jin daɗin baki ce kurum. Ƙwayoyin cuta waɗanda ido ba ya gani suna hayayyafa cikin abinci muddin zafinsa yana tsakanin digiri 5 da digiri 60 na ma'aunin Santigired. Ƙasa da 5 sai su lafa, sama da 60 ba su iya yaɗuwa, tafasa kuwa tana kashe yawancinsu. In wuri ya yi musu daɗi, waɗansu kan rabu biyu kowane minti 20. Malami na iya buga wannan lissafi a allo: ƙwaya 1 ta zama 8 cikin awa guda, ta zama 64 cikin awa biyu, kafin awa 7 ta cika ta zarce miliyan 2. Miyar da aka sauke da hantsi aka bar ta a buɗe har la'asar ta yi wannan tafiya duka, alhali kamanninta da ƙanshinta ba lalle su sake ba.

A 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum miliyan 600 ke kwanciya ciwo kowace shekara saboda gurɓataccen abinci, 420,000 kuma su rasu, 125,000 daga cikinsu yara ne 'yan ƙasa da shekara 5. Shawarar hukumar ita ce kada dafaffen abinci ya wuce awa 2 a ajiye haka nan, ko dai ya zauna da zafinsa, ko ya shiga sanyi. Aikin da a ke so waɗannan na'urori su ɗauke wa mutane ke nan.

MAI GADIN ZAFI

Asirin dukan kayan nan ɗan ƙaramin abu ne, wanda za mu kira mai gadin zafi. Kowa ya duba tsohon layin dogo zai ga an bar 'yar tazara tsakanin ƙarfe da ƙarfe, domin ƙarfe kan miƙe in ya sha rana. Amma ba duk ƙarafa ke miƙewa daidai ba, tagulla ta fi baƙin ƙarfe. Saboda haka in aka manne sillen tagulla da na baƙin ƙarfe baya da baya aka gasa, tilas su lanƙwashe wajen baƙin ƙarfen, in sun huce su koma yadda su ke. Sai a sa wannan sille a hanyar lantarki: zafi ya yi yawa ya lanƙwashe ya yanke wuta, zafi ya ragu ya miƙe ya sada ta.

Wani masani a Ingila, Andrew Ure, ya yi rajistar irin wannan dabara a 1830. Amma wanda labarinsa zai fi ba malamai sha'awa shi ne Warren Johnson, malami a wata makarantar horon malamai a jihar Wiskonsin ta Amurka. A lokacin sanyi ana hura wuta a ƙarƙashin ginin don ɗumama azuzuwa, mai kula da wutar kuma ya riƙa zagayawa aji aji yana duba ko zafi ya yi yawa, yana katse wa malamai darasi. Abin ya ishe Johnson, sai ya ƙera na'urar da ke kaɗa ƙararrawa da kanta in aji ya cika zafi ko sanyi, ya yi mata rajista a 1883. Kayan yanzu sun fi amfani da ɗan ma'auni na lantarki haɗe da ƙaramar kwamfuta, amma aikin bai sake ba: a auna, a gwada da abin da a ke so, a ƙara wuta ko a rage.

BUTA DA TUKUNYAR SHINKAFA

Shekarar 1955 ta kawo abu biyu da suka shigar da mai gadin zafi cikin madafa. A Ingila kamfanin Russell Hobbs ya fito da butar shayi ta lantarki wadda tururinta ke bugun sillen ƙarfe ya kashe wuta da zarar ruwa ya tafasa. A Japan kuwa kamfanin Toshiba ya fito da tukunyar shinkafa mai kashe kanta.

Labarin tukunyar nan abin a tsaya a kai ne. Mutanen Japan shinkafa ce abincinsu safe da yamma, matansu kuwa a wancan zamani sukan tashi tun da asuba su hura wuta su zauna gadinta. Aka ba wani mai ƙaramar masana'anta, Yoshitada Minami, aikin ƙera tukunyar. Shi bai san dahuwar shinkafa ba, sai matarsa Fumiko ta ɗauki gwaji, ta yi ta dafawa tana auna zafi tana rubutawa, cikin ɗari da cikin zafi, har aka gane shinkafa kan yi daidai in ta yi kamar minti 20 tana dahuwa bayan tafasa.

Yaya tukunya za ta san lokaci ya yi? Ga amsar, kuma darasi ce mai kyau ga 'yan makaranta. Muddin akwai ruwa a tukunya yana tafasa, zafinta ba ya wuce digiri 100, kome yawan wutar da aka sa, gama ƙarin zafin yana tafiya ne cikin tururi. Da ruwa ya ƙafe sai zafin gindin tukunya ya haura. Wannan haurawa ita mai gadin zafi ke jira. A tukunyar farko an yi ta ne biyu, wata cikin wata, a zuba ɗan ruwa a ta waje gwargwadon abin da zai ƙafe a kan lokaci. Na yanzu ba su bukatar wannan, kuma in sun gama sai su koma ƙaramar wuta, su riƙe shinkafa sama da digiri 60 har mai gida ya dawo.

SANYI

Sanyaya abu ya fi ɗumama shi wuya, domin ba a ƙirƙirar sanyi, zafi a ke kwashewa a kai wani wuri. Wanda ya yi gumi iska ta buge shi ya san haka: ruwa in zai bushe sai ya tafi da zafin abin da ya ke kai. Firiji ma haka ya ke aiki. Akwai wani ruwa mai saurin zama iska da ke zagayawa cikin bututu. A cikin akwatin ya zama iska ya kwashe zafin abinci, a bayan akwatin injin ya matse shi ya koma ruwa ya saki zafin. Shi ya sa bayan firiji ke da ɗumi. Jacob Perkins, mutumin Amurka mazaunin London, shi ya yi rajistar injin irin wannan a 1834.

A wannan shekara ta 1834 ɗin dai, wani Bafaranshe mai suna Jean Peltier, wanda asalinsa mai gyaran agogo ne, ya lura da wani abin mamaki. In aka bi da lantarki ta mahaɗar ƙarafa biyu mabambanta, mahaɗar kan yi sanyi ko ta yi zafi, gwargwadon inda wutar ta fuskanta. Yau ana yin ɗan faranti bisa wannan ilmi, fuska ɗaya sanyi ɗaya zafi, in aka juya wutar su musanya. Shi ke cikin waɗansu akwatunan da matafiya kan jona a mota, masu sanyaya ruwa ko riƙe abinci da ɗumi da taɓa maɓalli guda. Ba shi da ƙara, ba injin da ke juyi a cikinsa. Aibinsa shi ne cin wuta: sanyin da ya ke bayarwa bai kai na firiji mai injin ba in aka ba su lantarki daidai, don haka ƙananan kaya kaɗai ya ke yi wa amfani.

MURHU DA FIRIJI A JIKI GUDA

A 2002 kamfanin Whirlpool na Amurka ya fito da wani murhu mai suna Polara. Ma'aikaci zai sa ɗanyen abinci a tanderunsa da safe ya saita lokaci ya tafi ofis. Tanderun ya riƙe abincin da sanyi kamar firiji, lokaci ya yi ya koma wuta ya dafa, ya riƙe shi da ɗumi na awa guda. In mai gida ya makara, sai ya sake komawa sanyi don kada abincin ya lalace. Dabarar ta yi kyau, amma tsada ta hana shi yaɗuwa.

Sa'an nan aka shiga haɗa kayan da intanet. Kamfanin LG na Koriya ta Kudu ya fara sayar da firiji mai intanet a shekarar 2000, shi ma bai yi kasuwa ba saboda kuɗinsa. A 2016 Samsung ya kawo nasa mai kyamarori a ciki, mutum yana tsaye a kasuwa ya duba wayarsa ya ga abin da ya rage a gida. Har akwai kofin shayi na kamfanin Ember mai batir a gindinsa, wanda a ke gaya masa zafin da a ke so ta waya, ya riƙe shayin a nan.

Amma fa a lura. Kome wayon firiji, bai san naman da aka sa masa ya riga ya ɓaci a kasuwa ba. Kayan da ke da kwamfuta a ciki kuma sun fi wuyar gyara, in allonsu ya ƙone ba kowane mai gyara ke da madadinsa ba. Waɗanda ke dogara da intanet kuwa, in kamfanin ya daina kula da su, rabin wayon ya tafi.

MU FA?

Dukan abin da aka ambata yana rataye ne da igiya guda, watau lantarki mai tsayawa. Murhun da aka bar wa ɗanyen nama da safe, in aka ɗauke wuta da hantsi, ya zama akwati mai ɗumi, irin wurin da ƙwayoyin cuta ke so. Firiji a rufe ba ya riƙe abinci lafiya fiye da kamar awa 4 bayan an ɗauke wuta. Wutar da ke hawa da sauka kuma ita ce babbar maƙiyiyar ƙananan kwamfutocin nan. Saboda haka wanda zai saya ya fara tambayar kansa awa nawa ya ke samun wuta a yini, da wanda zai gyara masa in ta ɓaci, tun kuɗin na aljihunsa. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Wannan matsala ce marigayi Malam Mohammed Bah Abba, malami a Dutse ta jihar Jigawa kuma ɗan gidan magina tukwane, ya duba. Ya sa ƙaramar tukunyar ƙasa cikin babba, ya cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, ya rufe da jiƙaƙƙen tsumma. Ruwan yashin na tsattsafowa ta jikin tukunyar waje yana bushewa, yana tafiya da zafin abin da ke ciki. Ilmin da ke cikin firijin Perkins ke nan, ba waya ba injin. Tumatir da gauta da alayyafo da kan yanƙwane cikin 'yan kwanaki sai su daɗe sosai, manomi ya sami sararin jiran ciniki. An ba shi lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000. Tukunyar ta fi aiki da rani sa'ad da iska ke bushe, da damina ƙarfinta kan ragu, sanyinta kuma bai kai na ajiye nama ko dafaffen abinci ba. Ga kayan lambu dai, da tsohuwar zuma a ke magani.

Ga wanda ke da wuta gwargwado, butar da ke kashe kanta da tukunyar shinkafa da firiji na sosai sun fi kayan intanet amfani nesa ba kusa ba, sun kuma fi sauƙin kuɗi da gyara. Ga wanda ba shi da ita, filas da kular abinci suna riƙe zafi na 'yan awoyi, sauran miya kuma a tafasa ta sosai kafin a ci. Malamai kuwa su koya wa yara lambobin nan uku tun suna ƙanana: ƙasa da digiri 5, sama da digiri 60, kada a wuce awa 2. Yaron da ya riƙe su zai kai su gida ga uwarsa, ko da akwai lantarki a garinsu ko babu. Rigakafi ya fi magani.