Awon gogewar masu gudun dogon zango don sha'awa: me ya kamata a ƙirga?

1. Matsalar

Duk wanda zai yi nazari a kan masu gudun dogon zango don sha'awa, wato waɗanda ba sana'arsu ba ce, sai ya rarraba su: sabon shiga, matsakaici, gogagge. Galibin takardun tambayoyi da tambaya guda suke warware wannan: shekara nawa kake gudu? Manufarmu a nan ita ce mu nuna cewa wannan tambaya ba ta wadatar ba.

Al'amarin ya shafi lafiyar mutane. A 2015, Videbæk da abokan aikinta na ƙasar Danmak sun tattara sakamakon bincike da dama. Sun sami rauni 17,8 a kowace awa 1000 ta gudu wajen sababbin shiga, da rauni 7,7 wajen waɗanda suka saba. Ke nan in aka sa sabon shiga a rukunin gogaggu, za a ɗora masa horon da jikinsa bai shirya wa ba.

2. Shekaru ko awoyi?

Mu ɗauki mutum biyu. Na farko ya shekara 5 yana gudun minti 30 sau ɗaya a mako: jimla awa 130. Na biyu ya fara wata 18 da suka wuce, amma yana yin awa guda sau huɗu a mako: jimla awa 312. In shekaru aka bi, na farko ne gogagge. In awoyi aka bi, na biyu ya ninka shi har da ƙari. Sannan ƙidayar shekaru tana ɓoye lokutan da aka yi fashi, don rauni, ko azumi, ko aikin gona da damina. Zuciya da huhu suna saurin sabawa da gudu. Ƙashi da jijiyoyi kuwa sai a hankali. Wanda ya dawo bayan hutun wata shida, a wannan fanni ya yi kusa da sabon shiga.

3. Ƙarfin jiki daban, gogewa daban

A 1968 likita Kenneth Cooper ya ƙirƙiro wa mayaƙan sama na Amurka gwajin minti 12: mutum ya yi iyakar gudunsa, a auna nisan da ya ci. Gwajin ba ya buƙatar komai sai agogo da fili mai kewayen mita 400, irin na filin wasa na Janar Seyni Kountché a Yamai. Zagaye shida shi ne mita 2400. Sai dai abin da yake aunawa shi ne ƙarfin jiki wajen amfani da iskar numfashi. Saurayi ɗan ƙwallo da bai taɓa gudun kilomita 10 ba yana iya tsere wa dattijon da ya gama maraton sau da yawa. Saurin gudu ma yana canzawa da yanayi: abin da aka auna cikin zafin Afrilu, sa'ad da awon zafi ke wuce digiri 40, ba a kwatanta shi da na hunturu.

4. Inda gogewa ke bayyana

A 1977 Peter Riegel ya fitar da lissafin da ke hasashen lokacin dogon zango daga na gajere. Bisa lissafin, mai cin kilomita 10 cikin minti 50 zai yi rabin maraton cikin kimanin awa 1 da minti 50, cikakken maraton kuma (kilomita 42,195) cikin awa 3 da minti 50. A 2016 Vickers da Vertosick sun gwada lissafin a kan masu gudun sha'awa fiye da 2000. Ya dace har zuwa rabin maraton, amma a cikakken maraton rabin mutanen sun makara da minti 10 ko fiye. Da suka shigar da yawan kilomitan mako cikin lissafin, hasashen ya ƙara dacewa. Wannan rata tsakanin hasashe da sakamako alama ce ta gogewa, kamar yadda daidaiton sauri tsakanin rabin farko da rabin ƙarshe na tsere yake alama: sabon shiga yakan tashi da zafi, ya sare a ƙarshe.

5. Shawara

Muna ba ɗalibai masu shirya bincike shawarar su nemi abu huɗu, kowane a gurbinsa: makonnin da aka yi gudu cikin wata 12 na baya, awoyi ko kilomitan mako, zango mafi tsawo da aka gama da yawan tseren da aka shiga, da fashi mafi tsawo da dalilinsa. Inda babu agogo mai awon nisa, minti ya fi kilomita sauƙin tunawa. A kuma rubuta iyakokin kowane rukuni da alƙaluma a cikin rahoto, domin wani mai bincike a Maraɗi ko Damagaram ya iya maimaita aikin ya kwatanta.