Gida da sunan wani: abin da 'yan ci-ranin Tsarnawa ya kamata su sani kafin doka ta sauya

A mararrabar Tsarnawa, inda hanyar Tawa ta rabu da babban titin Yamai zuwa Damagaram, manyan motoci na lodin albasa zuwa Najeriya, Ghana da Kwaddebuwa. Kuɗin da ke dawowa ba ya kwana a aljihu. Wani ya sayi garka a gida, wani fili a Sokoto, wani kuma shago a Kano. Haka 'yan kasuwar Illela ta jihar Sokoto ke sayen gidaje a Birnin Konni.

Sai dai sau da yawa sunan da ke kan takarda ba na mai kuɗin ba ne. Na aboki ne, ko suruki, ko mai masauki ɗan ƙasar. Amana ake kiran wannan, kuma tana tafiya lafiya har ranar da wanda aka ba ya rasu, ko aka ɓata, ko doka ta sauya.

Maganar ta ƙara nauyi tun 29 ga Janairun 2025, ranar da ficewar Nijar, Mali da Burkina Faso daga ECOWAS ta tabbata. Ƙungiyar ta ce 'yan ƙasashen uku za su ci gaba da cin gajiyar 'yancin shiga, zama da kafa sana'a, amma har zuwa sanarwa ta gaba. Ke nan abin da ya kasance haƙƙi a jiya, yau sassauci ne.

Darasin Kajuru

A Najeriya, dokar filaye ta 1978 ta damƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna, ya riƙe ta amana domin amfanin dukan 'yan Najeriya. Wannan lafazi ne ya kayar da Gerhard Huebner, Bajamushen da ya gina katafaren gidan dutse a Kajuru ta jihar Kaduna. Da yake baƙo ne, sai aka rubuta filin da sunan kamfanin da yake shugabanta. Da aka ɓata, ya garzaya kotu yana cewa kuɗinsa ne, kamfanin riƙon amana kawai yake yi masa. Ya faɗi a babbar kotu, ya faɗi a kotun ɗaukaka ƙara, sannan a 2017 Kotun Ƙoli ta rufe maganar: wanda doka ba ta ba ikon mallakar fili ba, ba zai mallake shi ta bayan gida ba.

Idan hakan ta faru da mai lauyoyi da rasit, ina ga dillalin albasa da shaidarsa ita ce musabaha bayan sallar Juma'a?

Inda banki ke riƙe amanar

Akwai ƙasar da ta mayar da irin wannan amana doka. Meziko, wadda ta rasa kusan rabin ƙasarta ga Amurka a 1848, ta rubuta a sashe na 27 na tsarin mulkinta na 1917 cewa baƙo ba zai mallaki fili kai tsaye ba a cikin kilomita 100 daga iyaka ko kilomita 50 daga gaɓar teku. Da a ce Nijar na da irin wannan doka, da Konni, Tsarnawa da Malbaza duk sun faɗa ciki.

Mafitar da aka samo ita ce banki ya riƙe takardar. Baƙo ya biya kuɗin gida, banki ya zama mai suna, shi kuma yana da ikon zama, bayar da haya, sayarwa da ambata magajinsa. Yarjejeniyar ta shekara 50 ce, ana sabunta ta, ana kuma biyan bankin lada duk shekara.

A Afrilun 2013 majalisar wakilan ƙasar ta amince da gyaran da zai bar baƙi su mallaki gidan zama da sunansu a waɗannan yankuna, banda na kasuwanci. Ga masu amana a banki, hakan na nufin hutawa da biyan kuɗin shekara, bayan sun biya na rufe yarjejeniyar da sauya takarda. Amma gyaran bai tsallake majalisar dattawa ba, ya mutu a nan. Wanda ya riƙe amanarsa a rubuce bai rasa komai ba, domin gyaran ko da ya wuce ba zai ƙwace gidansa ba. Wanda ya saya da sunan aboki yana jiran doka ta zo ta halasta masa, shi ya zauna a tsaka mai wuya.

Ina aka kwana a Nijar?

Tun dokar Code Rural ta 2 ga Maris 1993, akwai kwamitocin filaye da ake kira Cofo, daga matakin ƙauye zuwa ƙaramar hukuma da gunduma. Ta hannunsu ake samun takardar shaidar saye, kyauta, aro, haya ko jingina. A 2021 gwamnati ta amince da sabuwar manufar filayen karkara, wadda ta buɗe ƙofar sake duba waɗannan dokoki. Duk yadda gyaran ya kasance, da abin da ke rubuce za a fara.

Wannan ya shafi har ɗan gari da ke Legas ko Libiya yana turo kuɗi a saya masa garka. Shi ba baƙo ba ne, doka ba ta hana shi sa sunansa ba. Amma idan takardar Cofo ta fito da sunan ƙaninsa, ranar rabon gado garkar za ta shiga cikin dukiyar ƙanin, sai in magada sun ji tsoron Allah.

Mataki na farko ba shi da tsada: mai kuɗi ya ga takardar da idonsa, ko da hotonta ne ta WhatsApp, ya karanta sunan da ke kai. A ƙetare kuwa, ya tambayi lauya ko notaire abin da dokar wurin ta yarda wa baƙo, tun kafin kuɗi su bar hannunsa.