Igiyar wuyan kare da haƙƙin namun daji a hunturun Minnesota

A kudancin birnin Minneapolis na Amurka, dab da babban filin jirgin sama, akwai gandun namun daji da ake kira Minnesota Valley. An kafa shi a 1976, faɗinsa ya haura eka 14,000, ya bi gaɓar kogin Minnesota daga Bloomington har kusan kilomita 110. Da hunturu, sa'ad da sanyi ke sauka ƙasa da sifiri da maki 20 a wasu ranakun, mutanen birni kan sa manyan riguna su shiga hanyoyin gandun suna tattaki a kan dusar ƙanƙara, da yawansu da karnukansu. Hukumar gandun ta yarda da hakan bisa sharaɗi ɗaya: kare ya kasance ɗaure da igiya a hannun mai shi. Wasu masu karnuka na ganin wannan takura ce, musamman a lokacin da daji ya yi tsit, ba ƙwai a sheƙa, ba 'ya'yan dabbobi a ciyawa. A ganina hunturun ne ma lokacin da igiyar ta fi zama dole, kuma dalilin yana cikin jikin dabbobin da kansu.

Barewar da ke wannan gandu tana shiga hunturu da kitsen da ta tara a kaka. Ciyawa ta binne a ƙarƙashin ƙanƙara, abin da ya rage mata ƙananan rassa ne da ba sa ƙosarwa, don haka takan rage yawo, ta laɓe inda iska ba ta kaiwa, ta riƙa cin kitsen jikinta a hankali. Kitsen nan tamkar hatsin rumbu ne da dole ya kai iyali har sabon amfani. Duk tiyar da aka ɗiba ba bisa ƙa'ida ba, a ƙarshen rani za a ji zafinta. Kare ya kore ta na ɗan lokaci, ya gaji ya dawo yana kaɗa wutsiya, mai shi ya ce ai ba abin da ya faru. Abin ya faru, sai dai ba a gabansa zai bayyana ba. Gudu cikin ƙanƙara mai zurfi na cinye ƙarfi sosai, kuma idan saman ƙanƙarar ya daskare, kare na iya gudu a kai alhali siraran kofatan barewa na lumewa. Yawancin barewa mata kuma ciki gare su a wannan lokaci, sai wajen Mayu ko Yuni za su haihu. Jihar Minnesota ta ɗauki lamarin da zafi har dokarta ta halatta wa mutum, daga 1 ga Janairu zuwa 14 ga Yuli, ya kashe karen da ya gani yana korar manyan namun daji ta yadda zai cutar da su, a wuraren da aka yarda a harba bindiga.

Tsuntsaye ma haka. Idan tafkuna suka daskare, agwagin ruwa da gaggafa mai farin kai, wadda ita ce tambarin Amurka, kan taru a 'yan wuraren da ruwa bai daskare ba. Ba su da wani wurin da za su koma, kuma kowane tashi na firgici asarar ƙarfi ne. Wannan gaggafa ta taɓa raguwa zuwa ma'aurata 417 a 1963 a jihohi 48 na ƙasar, sai bayan hana maganin ƙwari na DDT a 1972 da shekaru na kariya aka cire ta daga jerin masu fuskantar ƙarewa a 2007. Wurare irin wannan gandu suna cikin abin da ya dawo da ita.

Mai kare zai ce nasa mai ladabi ne, bai taɓa kama ko ɓera ba. Wataƙila gaskiya ne, amma barewa ba ta san tarbiyyarsa ba. Abin da take gani da shinshina ɗan uwan kyarkeci ne, kuma duk wanda ya san karnukan farauta a ƙasar Hausa ya san yadda karen da ke kwance lamo a ƙofar gida ke rikiɗa da zarar zomo ya tashi a gabansa. Wani kuma zai ce ai dajin na da nasa mafarauta, irin dilar Amurka da ake kira koyote. Haka ne, sai dai yawansu daidai yake da abincin da dajin ke iya bayarwa, yayin da karnukan birni ke zuwa a ƙoshe, kullum, ba iyaka.

Ƙorafin da ya fi ƙarfi daga ɗaya ɓangaren yake fitowa. A 2007 masu bincike biyu a Ostareliya, Peter Banks da Jessica Bryant, sun gano cewa yawo da kare a daji ya rage yawan tsuntsayen da ake gani da kashi 41 cikin ɗari, nau'o'insu kuma da kashi 35, alhali karnukan ɗaure suke. To me zai hana a hana kare shiga gaba ɗaya? Wasu gandayen sun hana yawo da kare, kamar Ridgefield da ke bakin kogin Columbia a jihar Washington, kuma doka na bayansu. Dokar 1997 da ke tafiyar da gandayen tarayya, waɗanda suka haura 570 tun na farko da Shugaba Theodore Roosevelt ya kafa a tsibirin Pelican a 1903, ta sa dabbobi a gaba, ta kuma fifita ayyuka shida: farauta, kamun kifi, kallon namun daji, ɗaukar hoto, ilmantarwa da wayar da kai. Yawo da kare ba ya ciki, alfarma ce ake yi masa. Duk da haka ba na ganin hani ya dace da gandun da ke cikin birni. Kare ɗaure yana damun abin da ke kusa da hanya ne kawai, dabbobi kuma kan gane inda mutane ke bi su ja baya, sakakken kare kuwa yana kai tashin hankalin har maɓoyarsu. Sannan mutumin da karensa ke fito da shi bakin kogi a tsakiyar Janairu, shi ne gobe zai ɗaga murya idan aka zo yanka fadamar don gini. Gandu na buƙatar irin waɗannan masoya.

Igiyar kuma tana kare karen kansa. Hukumar albarkatun ƙasa ta Minnesota na cewa sai sabuwar ƙanƙara ta kai kaurin inci 4 kafin a taka ta da ƙafa, ta kuma yi gargaɗi cewa ƙanƙarar kogi ba abin dogaro ba ce, domin ruwan da ke gudu a ƙasa na cin ta ba tare da alama a sama ba. Kare ya bi agwagwa ya rufta, mai shi ya bi shi, an sha rasa rayuka ta haka a ƙasashen sanyi. Ga murar tsuntsaye da ta bazu cikin tsuntsayen daji na Amurka tun 2022, wadda ta sa bai kamata kare ya ɗauki mushen agwagwa a baki ba. Igiyar da ba ta wuce mita 2 ba, da tsayawa a kan hanyar da aka shata, da kwashe kashin kare a fita da shi, da duba tafin ƙafarsa don cire ƙanƙarar da ke dunƙulewa tsakanin yatsu, su ne abin da ake nema daga mai tattaki, kuma hukumar gandun na da ikon janye alfarmar idan masu karnuka suka ƙi kiyayewa.