Amsar Wasiƙunku: Wace Kyauta Ta Dace da Sabuwar Kaka?

Wasiƙarmu ta wannan mako ta fito ne daga wani ɗan kasuwa a Gurbin Bore, cikin ƙaramar hukumar Zurmi. Ya ce maiɗakinsa ta tafi goyon ciki gidan iyayenta, haihuwar fari ce, kuma wannan ne jikan farko da surukarsa za ta gani. Ya sayar da wake ya ware 'yan kuɗi. Tambayarsa ita ce: ya saya mata atamfa mai tsada, ko kuwa akwai abin da ya fi?

To Malam, Allah Ya sauke ta lafiya. Kafin ka shiga kasuwa, zauna ka lissafa aikin da ke jiran wannan baiwar Allah. Daga ranar haihuwa har a yi arba'in, ita ce mai tashi da asuba ta hura wuta, ta dafa ruwan wankan jego, ta sake da yamma. Ita ce mai dama kunu, mai wanke jariri, mai wankin tsumma, mai karɓar 'yan barka. In yaro ya yi kukan dare, ita ce a farke. Saboda haka kyautar da ta dace ita ce wadda za ta rage mata wahalar kwana arba'in ɗin nan.

Amma fa a rarrabe. Itacen wanka, da kayan yaji, da naman ƙauri, da ragon suna, duk nauyinka ne a matsayinka na uban ɗa. Kada ka kai su ka ce ka yi wa suruka kyauta. Kyauta sai abin da ya biyo bayan an sauke wajibi.

Na farko, babbar tukunyar ƙarfe ta dafa ruwa. Gidaje da yawa aro suke yi, kuma ka san halin kayan aro, ranar da ake tsananin bukata mai shi zai aiko. In ta mallaki tata, za ta yi wa wannan jika, ta yi wa na bayansa, ranar biki ma ta yi tuwo a ciki. In ka je cin kasuwar Shinkafi ran Alhamis, ko ka shiga Ƙauran Namoda, ka ɗaga tukunyar ka duba ta a rana, ka ƙwanƙwasa gindinta. Mai kauri za ka ɗauka.

Na biyu, gidan sauro mai magani, babba, wanda zai rufe ta da maijego da jariri. Zazzaɓin cizon sauro ya fi yi wa ƙananan yara illa, musamman daga tsakiyar damina zuwa kaka. Na uku, fitila mai cajin hasken rana, don kada tsohuwa ta riƙa lalube cikin duhu ko ta ƙare a sayen batir. In da saura, sai ka ƙara turmin atamfa matsakaici da majanyi mai ƙarfi, tunda ranar suna ita ma za ta so ta fito fes, kuma bayan yaye goyon jikan nan bayanta zai koma.

Wani zai ce a ba ta tunkiya ta yi kiwo. Shawara ce mai kyau, don tunkiya jari ce. Sai dai a halin da yankinmu ke ciki na satar dabbobi, a fara dubawa ko akwai inda za a tsare ta a cikin gida.

Ga wani abu da ba a saye da kuɗi. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka gano cewa yawan kanwa a kunu, da ruwan wanka mai tsananin zafi, da kwanciya kan gadon wuta, suna da hannu a ciwon zuciyar da ke kama masu jego. A roƙi kaka cikin ladabi ta sassauta. In an ga ƙafafun maijego sun kumbura, ko numfashi na yi mata wuya, a garzaya asibiti, kada a jira arba'in.

Sai batun miƙawa. Tsakaninka da suruka akwai kunya, don haka ka aika ta hannun gwaggonka ko yayarka, kuma kayan su isa kafin haihuwa, lokacin da za su yi amfani. In mahaifiyarka ma wannan ne jikanta na fari, kada ka manta da ita, ko da zane ɗaya ne da sabulu, don kada a sami ƙorafi tsakanin gida biyu. Alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza.

Allah Ya raya abin da za a samu. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu, a ci gaba da aiko da wasiƙu.