Cikin fari a ƙasar waje: Idan babu goyon ciki, wa zai tsaya wa mai jego?

A garin Obi da ke Jihar Nasarawa, kamar sauran garuruwanmu, yarinya ba ta ɗaukar cikin fari ita kaɗai. Tun ranar da laulayi ya fara kayar da ita, idon uwar miji na kanta, maƙwabta na aiko mata da ɗan kwaɗo ko fate. Idan ciki ya kai wata bakwai, sai a mayar da ita gaban mahaifiyarta goyon ciki. A can za ta haihu, a can za a yi mata wankan jego, ba za ta koma ɗakinta ba sai ta yi arba'in ta murmure.

'Yar yayata ba ta samu ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Wata biyar da ɗaura aurenta ta bar Obi da cikin wata biyu, ta bi mijinta wanda ke aikin jinya a birnin Bradford na Ingila. Ta sauka a watan Disamba, lokacin da rana ke faɗuwa tun kafin ƙarfe 4 na yamma. Maigidan yana aikin dare, da rana kuma barci yake yi. Ta ce mini sai ta wuni ba ta yi magana da kowa ba sai ta waya, ga kwaɗayin sakwara da miyar agushi, ga sanyin da ba ta taɓa jin irinsa ba ko a tsakiyar hunturu.

Irinta suna da yawa. Ko da yake tun daga 2024 Birtaniya ta hana yawancin ɗalibai da masu aikin kula da tsofaffi tafiya da iyalinsu, har yanzu likitoci da ma'aikatan jinya da masu karatun digiri na uku suna ɗaukar amarensu, kuma sau da yawa haihuwar fari a can take riskar su.

A fara awo da wuri

A gida, mata da dama ba sa zuwa awo sai ciki ya fito, wasu don kunya, wasu don gudun bakin mutane. A Ingila tsarin ya bambanta. Ana so mace ta ga ungozoma kafin ciki ya cika mako 10, kuma mai cikin fari takan je awo kusan sau 10 kafin ta haihu. Ana yin hoton ciki tsakanin mako na 11 da na 14, a sake yi tsakanin na 18 da na 21. A farkon awon ne ake gwajin sikila, abin da ya shafe mu ƙwarai, domin idan uwa AS ce za a nemi a gwada uban.

Ana ba mai ciki shawarar shan folik asid maikirogiram 400 kullum har mako na 12, da bitamin D maikirogiram 10 har ta haihu. Jiki na samar da bitamin D ne daga hasken rana, don haka mace mai duhun fata da ke rufe jikinta, a ƙasar da rana ke wuyar gani, ta fi kowa bukatarsa. Ungozoma za ta cike mata takardar da ke ba ta damar karɓar magani da ganin likitan haƙori kyauta har shekara guda bayan haihuwa. Tana iya neman tafinta ba da ko sisi ba, tana kuma iya roƙon mace ta duba ta.

Abu ɗaya da sababbin zuwa ke mantawa shi ne zazzaɓin cizon sauro. Duk mai cikin da ta baro Najeriya kwanan nan ta ji zazzaɓi, ta faɗa wa likita inda ta fito, domin ba cuta ce da suke gani kullum ba.

Kunyar da ta kusa jawo asara

Da cikin 'yar yayata ya shiga wata na takwas, sai ciwon kai ya matsa mata, fuska da hannuwa suka kumbura, tana ganin wasu ƙyalli-ƙyalli a idonta. Ta yi shiru har kwana uku. A tarbiyyarmu, mai cikin fari ba ta raki, ba ta ma son a yi zancen cikin a gabanta. Da tana Obi, da tuni wata gwaggo ta kalle ta ta ce a tafi asibiti. A Bradford, wata dattijuwa 'yar Somaliya da suka saba a masallaci ce ta leƙo, ta ga fuskarta, ta tsaya a kanta sai da ta kira sashen haihuwa. Aka tarar jininta ya hau sosai, irin hawan jinin da ke kai mace ga jijjiga, wanda kuma ya fi kama masu cikin fari. An kwantar da ita, aka yi ta lura da ita, daga baya aka tayar da naƙuda ta sauka lafiya.

Kada a ɗauka zama a Turai kaɗai ya isa kariya. Rahoton MBRRACE na 2024, wanda masana a Jami'ar Oxford ke jagoranta, ya nuna cewa haɗarin mutuwar baƙar mace a lokacin ciki ko jego a Birtaniya ya kusa ninka na farar fata sau uku. Saboda haka, ciwon kai mai tsanani, kumburin fuska farat ɗaya, zubar jini, ciwo a ƙarƙashin haƙarƙari ko raguwar motsin jariri, ba abin jiran gari ya waye ba ne. A kira sashen haihuwa nan take, idan abin ya tsananta a kira 999. Idan mace ta ga ba a saurare ta ba, ta sake faɗa, ta nemi ganin likita.

Jego babu uwa

Mahaifiyar yarinyar ta nemi bizar ziyara, wadda ke ba da damar zama har wata shida, amma ba ta fito a kan lokaci ba. Hutun da doka ta ba uba mako biyu ne kacal. Ungozoma takan ziyarci mai jego a gida a kwanakin farko, daga baya jami'ar kula da lafiyar jarirai ta karɓa, amma ba wadda za ta dafa mata abinci ko ta karɓi jariri ta samu barci. Dole maigida ya ajiye girman kai ya shiga madafa, ya koyi wankan jariri.

Ba kuma duk abin da aka rasa ne abin baƙin ciki ba. Tun a shekarun 1970 likitocin Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya suka danganta yawan ciwon zuciya bayan haihuwa da shan kunun kanwa, da wanka da tafasasshen ruwa, da kwanciya a gadon da aka hura wuta a ƙarƙashinsa. Kanwa cike take da gishiri, mai hawan jini ta nisance ta. Abin da ya fi amfani a al'adar jego shi ne hutu, abinci mai gina jiki, ruwan ɗumi da kuma mutane a kusa. Waɗannan ne ya kamata a yi ƙoƙarin samarwa a can.

Rashin mutane na da nasa ciwon. Hukumar lafiya ta ƙasar, NHS, ta ce fiye da mace ɗaya cikin 10 na fama da ciwon damuwa bayan haihuwa. Idan kuka, rashin barci da ƙin jariri suka wuce mako biyu, ba rashin godiyar Allah ba ne, kuma ba iska ba ce. Ciwo ne mai magani, a faɗa wa likita.

Suna da takardu

A Ingila ana yi wa jariri rajista cikin kwana 42. A sani kuma, tun daga 1983 haihuwa a Birtaniya kaɗai ba ta sa yaro ya zama ɗan ƙasa, sai idan ɗaya daga cikin iyayensa ɗan ƙasar ne ko yana da izinin zama na dindindin. Don haka a nema masa fasfon Najeriya da wuri. Masu aika saƙo daga gida su lura cewa an hana shiga da nama da kayan madara, wato kilishi da man shanu ba za su wuce ba.

Ranar sunan jaririyarmu, a Obi aka yanka rago aka raba goro, mai jego tana kallo ta waya. A ɗan ƙaramin falonta na Bradford kuwa mata shida ne suka zo barka, 'yan Najeriya uku, sauran daga Somaliya da Pakistan, kowacce da kwanon abincinta. Duk a masallaci da wurin awo ta same su.

Ga wadda ke shirin tafiya, ta nemi irin waɗannan mata tun ciki yana ƙarami, a masallaci ko coci ko ƙungiyar 'yan gida, kada ta bari sai naƙuda ta zo. Iyaye kuma da ke gida, idan kun kira, kada ku tsaya a "ya jiki?", domin amsar kullum "da sauƙi" ce. Ku tambaye ta ko ta je awo, nawa jininta ya nuna, yau ɗan ya motsa, kuma wa ya shigo gidan ya ganta da idonsa.