Yadda gwamnatin Birtaniya ke taimaka wa magidanta da kuɗin ɗumama gida

Daga Nuwamba zuwa Maris, akasarin gidaje a Birtaniya ba sa zaunuwa sai an kunna na'urar ɗumama ɗakuna, wadda galibi da iskar gas take aiki. Shi ya sa da farashin gas ya yi tashin gwauron zabi a 2022, bayan Rasha ta mamaye Yukiren, gwamnati ta rage wa kowane gida fam 400 daga kuɗin wuta.

Wannan na gaggawa ne, kuma ya wuce. Tallafin da ya daɗe shi ne kuɗin hunturu na tsofaffi, wanda Gordon Brown ya ɓullo da shi a 1997 yana ministan kuɗi. Gidan da ke da ɗan fansho na samun fam 200 a shekara, ko fam 300 idan ya kai shekara 80. A Yulin 2024 ministar kuɗi Rachel Reeves ta taƙaita shi ga mafi ƙarancin ƙarfi, abin da ya raba kimanin mutum miliyan 10 da tallafin. Ƙorafi ya yi yawa, har a Yunin 2025 aka mayar da shi ga duk ɗan fanshon Ingila da Wales da samunsa bai wuce fam 35,000 a shekara ba. Akwai kuma ragin fam 150 ga gidaje masu ƙaramin ƙarfi, da fam 25 da ake biyan wasu mabuƙata idan sanyi ya kai na daskarewar ruwa kwana bakwai a jere.

Sai dai kuɗin hannu bai taɓa tushen matsalar. Gidajen ƙasar da yawa tsofaffin gini ne, ɗumin da aka saya da tsada yana sulalewa ta rufi da bango da tagogi, tamkar zuba ruwa a kwando. Don haka tun 2013 aka kafa shirin ECO, wanda ya wajabta wa manyan kamfanonin makamashi ɗaukar nauyin gyaran gidajen talakawa: a shimfiɗa wani abu mai kama da auduga a ƙarƙashin rufi, a cike ratar da ke tsakanin bango, ko a yi wa bangon sutura ta waje. Kamfanonin ba sadaka suka yi ba, domin sun riƙa ɗora kuɗin a kan takardar wutar kowa.

Aikin kuma bai tsira daga 'yan kwangila masu ha'inci ba. A Oktoban 2025 ofishin binciken kuɗaɗen gwamnati ya gano cewa kashi 98 cikin 100 na gidajen da aka yi wa suturar waje a shirye-shiryen baya-bayan nan suna buƙatar gyara, saboda aikin na iya jawo danshi da fumfuna. Magidancin da aka zo taimaka wa ya koma neman wanda zai gyara masa gyaran.

'Yan Najeriya masu shirin tafiya karatu ko aiki can su lura: yawancin irin wannan biza tana hana cin gajiyar kuɗaɗen jin ƙai na gwamnati, ciki har da kuɗin sanyi na fam 25. Kafin a kama hayar gida, ya kamata a duba takardar da ke nuna ingancinsa wajen riƙe ɗumi, wadda ake bai wa daraja daga A zuwa G.