Banjo da Kiɗan Tsaunukan Afalashiya: Ina Matsayin Gurmi?

A gabashin Amurka akwai jerin tsaunuka da ake kira Afalashiya, waɗanda suka ratsa jihohin Bajiniya da Kentaki da Tenesi da Karolina ta Arewa. Mazauna wannan yanki sun shahara da wani kiɗan gargajiya na kayan tsirkiya, wanda ginshiƙansa biyu ne: gogen Turawa mai tsirkiya huɗu, da banjo. Daga baya ne jita ta shigo. Kiɗa ne na rawar dandali da hirar dare, kuma akasari da kunne ake koyonsa, ɗa ya ɗauka daga uba ko maƙwabci.

An daɗe ana ɗaukar wannan kiɗa a matsayin gadon Turawa zalla. Wannan fahimta ta samu gindin zama ne daga aikin Cecil Sharp, Baturen Ingila da ya zagaya tsaunukan tsakanin 1916 da 1918 tare da Maud Karpeles, suna tattara waƙoƙin baka. Abin da Sharp ya je nema shi ne tsofaffin waƙoƙin labari na Ingila da Sikotilan da suka wanzu a bakin jikokin baƙin haure, kuma ya same su da yawa. Sai dai mai neman abu ɗaya ba ya cika ganin na biyu. Bai ba kiɗan banjo muhimmanci ba, haka kuma baƙaƙen fatar yankin kusan ba su shiga littattafansa ba.

Kamfanonin faifai su suka ƙarasa aikin. Bayan da Ralph Peer ya ɗauki Fiddlin' John Carson a Atlanta a 1923, sannan ya ɗauki iyalin Carter a Bristol a 1927, kasuwa ta rabu gida biyu: faifan fararen ƙauye daban, na baƙaƙe daban. Makaɗin banjo baƙar fata ya rasa gurbi a tsakani. Ko Lesley Riddle, baƙar fatar da ya riƙa raka A. P. Carter yawon neman waƙoƙi yana haddace masa karinsu, sai bayan shekaru da dama aka san da shi.

Alhali kuwa banjo ƙirar bayi ce. Hans Sloane, wanda ya zauna a Jamaika daga 1687, ya kawo zanen irin wannan abin kiɗa a littafinsa na 1707: ƙwarya da aka rufe da fata, da sanda, da tsirkiya. Thomas Jefferson ma ya ambace shi a littafinsa kan Bajiniya a matsayin abin kiɗan bayi. Sai a wajajen 1830 zuwa 1840 ne fararen 'yan wasa irin su Joel Sweeney suka ɗauke shi zuwa dandamali, suna shafa baƙi a fuska suna kwaikwayon bayi don a yi dariya.

A nan ne batun ya shafi manazarcin Hausa. Duk wanda ya dubi zanen Sloane zai tuna da gurmi, domin shi ma ƙwarya ce da fata, sanda ta ratsa ta. Masu binciken tarihin banjo suna lissafa gurmi cikin danginsa na Afirka ta Yamma, tare da ngoni na Mali da akontin na Jolawan Sanigal da Gambiya. Akontin ne ya fi jan hankali, tun da Daniel Jatta, ɗan Gambiya, ya nuna cewa salon kaɗa shi ya yi daidai da tsohon salon tsaunuka: ana bugun doguwar tsirkiya ƙasa da farcen yatsa, babban yatsa kuma ya taɓa gajeriyar tsirkiya mai amo ɗaya.

To amma dangantaka daban, haihuwa daban. A ganina kuskure ne a ce banjo gurmi ne da ya ƙetare teku, ko da yake maganar tana da daɗin faɗa a taro. Wuyan banjo shimfiɗaɗɗe ne, kuma da turaku ake ɗaure tsirkiyarsa, abubuwa biyu da aka aro daga kayan kiɗan Turawa a tsibiran Karibiyan. Gurmi da molo da garaya kuwa sandarsu zagayayya ce, a jikinta ake ɗaure tsirkiyar. Ga kuma tarihin cinikin bayi: Hausawan da aka ƙetarar da yawa a farkon ƙarni na 19, Bahiya ta Barazil aka fi kai su, lokacin da banjo ya riga ya shekara ɗari da wanzuwa.

Abin da zai ciyar da muhawarar gaba shi ne cikakken bayanin yadda makaɗan gurmi da molo ke sarrafa yatsu. Littafin Ames da King na 1971 ya ba da sunaye da siffofi, ayyukan Sa'idu Muhammad Gusau sun zurfafa a kan makaɗa da waƙoƙinsu, amma kwatancen salon hannu yana buƙatar hoton bidiyo da zama da makaɗan kansu. A Amurka irin wannan zama ya yi amfani: bayan taron makaɗan banjo baƙaƙe a garin Boone a 2005, Rhiannon Giddens da abokanta biyu sun riƙa zuwa gidan Joe Thompson, tsohon mai goge a Mebane, suna ɗaukar kiɗan danginsa kafin rasuwarsa a 2012.